Kalmomi Goma na Mai Agogo

Shafi na 27

Masu cika min akwatin saƙo kuna cewa na bar ku tsaye a bakin ƙofa, to ga shi na buɗe, ku shigo. Ke kuma da kika ce idan na taɓa Mai Agogo kin daina karanta ni, ki nemi kujera ki zauna tukuna.

Sababbin zuwa, ga inda muke. Ciwon mantuwa gado ne a gidan su Mai Agogo, shi ya yi ajalin mahaifiyarsa, shi ya kwantar da yayansa. Shekara goma sha uku ke nan yana cikin wani binciken likitoci: duk shekara a ɗebi jininsa, a tura kansa cikin na'ura, a gwada ƙwaƙwalwarsa. Sakamakon da zai nuna ko ya gaji ciwon yana nan cikin ambulan a liƙe, shi da bakinsa ya ce kada a faɗa masa. Matarsa, Maman Biyu, ita ke raka shi, ita ake kai wa ɗaki daban a tambaye ta ko ta ga wani canji. Yau ce ranar zuwansu ta bana.

*

Maman Biyu ta san ɗakin nan kamar kicin ɗinta. Tebur ɗaya, kujera biyu, furen roba da ƙura ta gama da shi, da kwalin tishu da ba ta taɓa zarar ko ɗaya ba a shekara goma sha uku. Abin alfaharinta ne wannan.

Yau kujerun uku ne.

Sista, wadda ta saba yi mata tambayoyin suna hirar ciwon gwiwa, tana tsaye jikin taga ta ƙi haɗa ido da ita. A kujerar Sista kuwa wata sabuwar likita ce zaune, wadda Maman Biyu take ganin da kaɗan ta girmi tagwayenta.

"Mama, bismillah, zauna," in ji likitar.

"Ba sai na zauna ba, 'yata, na san tambayoyin. Yana ɓata a hanya? A'a. Yana manta sunan yara? A'a. Yana maimaita magana? A'a. Ku rubuta mu tafi, shago ya bari a rufe."

"Ki dai zauna."

Ta zauna, a gefen kujerar, jakarta a kan cinya.

Likitar ta ajiye takardu biyu a gabanta.

"Kin san duk shekara ana karanta wa Baba kalmomi goma, bayan minti ashirin a ce ya maimaita su."

"Kuma duk shekara yana kawo goma. Ki tambayi Sista."

"Bana mun canza kalmomin. Ga waɗanda aka karanta masa da safen nan: bulo, laima, kifi, tsintsiya, gilashi, har goma. Ga kuma abin da ya faɗa da aka ce ya maimaita."

Ta ɗaga takarda ta biyu.

"Tsani. Kogi. Madubi. Allura. Gajimare."

Sai ta tsaya a ta biyar.

Bakin Maman Biyu kuwa bai san an tsaya ba. Leɓɓanta suka ci gaba su kaɗai, ba sauti: kwalba, taga, sabulu, igiya, albasa. Sai da ta kai albasa ta lura likitar bakinta take kallo.

Ta yi maza ta rufe bakin.

"Goma cif ya kawo," likitar ta ce. "A jere, ba gargada. Sai dai ko ɗaya ba a karanta masa yau ba. Na tsohuwar takarda ne, ta shekara uku da suka wuce, wadda da ba mu canza ba ita ce za ta zagayo bana."

"To ai ƙwaƙwalwa ce mai kyau! Mutum ya riƙe abin shekara uku, ku ce me?"

"Ke ma kin riƙe, Mama."

Sista ta juya fuskarta ga taga gaba ɗaya.

Maman Biyu ta so ta yi shiru, amma tambayar ta fi ƙarfinta.

"Cikin sababbin fa? Nawa ya kawo?"

"Da Sista ta ce masa ba waɗannan ba, na yau ake so, ya kawo biyu."

Biyu. Mutumin da ke warware agogo ya baza ƙananan sukurori talatin a kan farin ƙyalle, ya mayar da kowanne raminsa yana hira da wanda ya kawo gyaran. Shi ne yau biyu.

"Tun yaushe kuke bita a gida?" likitar ta tambaya.

"Wa ya ce muna bita?"

"Mama."

"Kada ki Mama ni!"

Jakar ta kusa faɗuwa da ta miƙe.

"Shekara goma sha uku muna hawa benen nan. Kun ɗebi jininsa da zai cika bokiti. Kun soka masa allura a gadon baya kun zuƙi ruwa, ya kwana uku ba ya iya sunkuyawa. Kun kwantar da shi cikin na'urar nan mai ƙara kamar injin niƙa. Me kuka taɓa ba mu? Ruwan shayi da biskit, da katin godiya! Duk shekara in tambaya, an samo magani? A ce ana kan bincike. Uwarsa ta mutu ana kan bincike. Yayansa yana can an ɗaura masa ƙyalle a wuya ana ba shi abinci a baki, ana kan bincike. Yau don ya faɗi tsani maimakon bulo za ki zaunar da ni kamar ɓarauniya?"

Likitar ta bar ta ta gama. Wannan ma haushi ya ƙara ba ta, don ta fi son a tanka.

"Duk abin da kika faɗa gaskiya ne," likitar ta ce a hankali. "Amma ki duba nan."

Ta juyo da allon kwamfuta. Wasu layuka ne kala-kala, yawancinsu sun taho a miƙe sannan sun fara sunkuyawa ƙasa. Guda ɗaya ne kawai, shuɗi, ya tafi sambal kamar an ja shi da rula.

"Wannan shuɗin na Baba ne. Ko masu lafiya ƙalau, wata shekara su kawo tara, wata takwas, mutum ne, wata rana bai yi barci ba. Na Baba goma, goma, goma. Muna nuna shi a taro muna mamaki."

"To ba abin farin ciki ba ne?"

"An fara gwajin wani magani, Mama."

Maman Biyu ta koma ta zauna.

"Ba alkawari ba ne, kada ki ce na yi miki alkawari. Gwaji ne, ana fatan ya rage wa ciwon gudu. Amma waɗanda layinsu ya fara sunkuyawa kaɗan kawai ake ɗauka, a farko-farkon abin. Bara aka ɗauki rukunin farko. Da aka zo kan sunan Baba aka ga layinsa, sai aka ajiye shi gefe, aka ce wannan babu abin da ya taɓa shi."

"Bara?"

"Bara."

"Kuma ba wanda ya faɗa mana?"

Sai a lokacin Sista ta yi magana, muryarta ƙasa-ƙasa.

"An aika wa kowa takarda, Maman Biyu. Ni na rubuta adireshinku da hannuna."

Maman Biyu ta tuna. Farar ambulan mai tambarin cibiyar binciken. Mai Agogo ya karɓa ya jefa cikin durowar da yake tara matattun agogunan da masu su ba su dawo ba, ya ce katin godiya ne. Ita kuma ba ta buɗe ba, don tana tsoron duk wata ambulan da ta fito daga wannan bene.

Haushi ya turnuƙe ta, ta rasa wanda za ta ɗora wa. Likitar, ko Sista, ko durowar, ko shi. Duk inda ta kai shi sai ya dawo kanta.

Abin fa da wasa ya fara. A shekarun farko yana fitowa daga gwaji zai zauna kusa da ita a benci yana jero mata kalmomin don burga, ita kuma tana rubutawa a bayan katin asibiti tana masa dariya. A haka ta gane takardun uku ne ake juyawa, wannan bana, wancan baɗi. Shekara huɗu da suka wuce suka je duba yayansa, yayan ya kalle shi sama da ƙasa ya ce, bawan Allah, wa kake nema?  Da suka koma gida Mai Agogo ya kama hannunta.

"Katunan nan da kike rubutawa suna nan?"

Ta ce suna nan.

"Ki riƙa ja min su. Ki bar ni in zama mai lafiya ko da a takardarsu ce kawai. Ki yi min alkawari."

Ta yi. Wace ce ba za ta yi ba? Tun daga nan, wata guda kafin kowane zuwa, da safe kan shayi, ita da kati shi da kofi: tsani, kogi, madubi. A ganinta ƙauna ce take yi masa. Ashe da hannunta take tura masa ƙofa tana rufewa.

"Yanzu shi ke nan?" ta tambaya. "An gama ɗauka?"

"Rukuni na biyu ana rufewa ran Juma'a. Shi ne na ƙarshe."

"To ki saka shi! Ga shi kin gani da idonki, biyu ya kawo."

"Gwajin rana ɗaya ba ya isa. Kwamitin da ke zaɓar masu shiga yana so ya san yaushe abin ya fara, da inda ya kai. Makinsa na shekara huɗu ba su da amfani yanzu. Amsoshinki kuma..." ta ɗaga wani fayil mai kauri, "a'a, a'a, a'a. Ba ni da abin da zan kai musu, Mama."

Maman Biyu ta kalli jakarta.

Akwai abin da ko Mai Agogo bai sani ba, ko tagwayen. A can ƙasan jakar, ƙarƙashin ɗankwalin da take ajiyewa saboda sanyin asibiti, akwai wani tsohon littafin makaranta da yaran suka bari da sauran shafuka. Ba ta taɓa barinsa a gida ba, don kada ya gani.

Hannunta ya shiga jakar ya fito ba komai.

Ya sake shiga.

"Idan na ba ki wani abu, zai sani?"

"Dole ya sani. Ba za a saka shi a gwajin ba sai ya yarda da kansa, kuma sai ya yarda an buɗe ambulan ɗin jininsa."

"Zai ce na ci amanarsa."

"Zai iya cewa haka."

"Ke dai ba ki iya lallashi ba, 'yar nan."

"An sha faɗa min."

Maman Biyu ta ciro littafin ta dangwarar da shi a tebur, kamar shi ya yi mata laifi.

Likitar ta buɗe. Rubuce-rubuce ne ƙanana, kowanne da kwanan wata.

"Ya saka gilashin da yake maƙalawa a ido cikin gwangwanin sukari, mun yini muna nema."

Ta juya shafi.

"Ya tambaye ni sau uku ko babbar cikin tagwayen ta kira waya."

Ta sake juyawa.

"Wani ya dawo da agogo, ya ce an saka masa batir amma ba a mayar da murfin baya ba. Baban Biyu ya ce laifin yaron shago ne, alhali ba shi da yaron shago."

"Ya isa," Maman Biyu ta ce. "Ki karanta a zuci."

Likitar ta yi ta juya shafuka. Sista ta matso tana leƙe ta bayan kafaɗarta, can ta sa bayan hannu ta share ido.

"Shekara huɗu kina zuwa da wannan a jaka," Sista ta ce, "ina tambayarki kina ce min a'a?"

"Ke ma da kin ga yadda yake fitowa daga gwajin nan yana taku, da a'a za ki ce."

Likitar ta rufe littafin ta ɗora tafin hannu a kai.

"Wannan ya fi duk abin da ke cikin kwamfutar nan daraja. Da shi zan iya zuwa gaban kwamiti. Amma saura tambaya ɗaya, kuma ita ce mai yanke hukunci."

"Yi."

"Duk abin da na gani a nan ƙanana ne: ajiye abu a manta, maimaita tambaya. Wannan farko ne. Abin da nake so in sani, ya taɓa manta wani abu sukutum da ya faru da shi a ranar? Ba kalma ba, ba makulli ba. A ce ya je wuri ya dawo, ko an yi baƙo sun zauna sun yi hira, bayan awa biyu ya zama kamar ba a yi ba?"

"Bai taɓa ba."

"Mama, ki yi tunani."

"Wallahi bai taɓa ba. Wannan a'ar ta gaskiya ce."

"Ina tambaya ne don idan ya kai nan, ya wuce inda ake ɗauka. Kuma ba mugunta ba ce. Maganin yana da nauyi, yana iya kumbura ƙwaƙwalwa. Wanda ya yi nisa, wahalar kawai zai sha, amfanin ba zai same shi ba. Idan aka ɓoye min aka saka shi, ba taimakonsa aka yi ba."

"Na ji. Na gaji da ƙarya, 'yata, ta ishe ni haka. Daga yau duk abin da kika tambaye ni, abin da ya faru zan faɗa miki, ko da a kaina zai ƙare."

A karon farko likitar ta yi murmushi, sai ga yarintarta ta fito fili.

"To akwai hanya. Ya kusa fitowa daga na'ura. Ki fara yi masa magana ke da shi, ni zan ɗauko takardar yarda in same ku."

Maman Biyu ta miƙe. Ta kai ƙofa ta dawo, ta zari tishu ɗaya daga kwalin nan, ta fita tana jin haushin kanta.

*

Barandar doguwa ce, benci a jere jikin bango. Tun daga nesa ta hango shi a wurin da yake zama duk shekara, ya mayar da rigarsa, yana ɗaura agogon hannunsa yana hararar na bango.

Ta yi ta juya maganar a ranta. Baban Biyu, na ba su littafi. A'a. Baban Biyu, an samu magani. A'a, an ce kada a ce alkawari. Baban Biyu, na karya alkawarinka. Kowacce ta ɗauko sai ta ji ta yi mata nauyi a baki.

"Kin ga agogon nan?" ya ce tun kafin ta zauna. "Minti huɗu yake baya. Shekara goma sha uku ina faɗa musu. Masu binciken ƙwaƙwalwar mutane, sun kasa saita agogo."

Dariya ta suɓuce mata, hawaye na biye da ita. Shi ne dai, mijinta, da tsiwarsa da komai. Ta zauna ta kama hannunsa.

"Baban Biyu, akwai maganar da zan faɗa maka. Ka bari in kai ƙarshe kafin ka yi faɗa."

"Bari tukuna."

Ya waiga hagu da dama, ya matso kusa da kunnenta, ya rage murya yadda yake yi duk shekara.

"Kin zo da katin?"

"Wane kati?"

"Na kalmomin mana. Ciro ki ja min sau ɗaya, kafin su kira ni gwajin."

Ta ji kamar an zare benci daga ƙarƙashinta.

"Baban Biyu... wane gwajin?"

"Na kalmomi goma. Yau sun yi latti, har yanzu Sista ba ta kira ni ba. Yi sauri. Tsani, kogi... me ke biye da kogi?"

Gwajin da ya yi da safen nan. Minti arba'in yana zaune gaban Sista.

 Hannunsa yana cikin nata, da ɗumi, yana ɗan matsa yatsunta don ta yi sauri.

Ƙarar takalmi ta tsaya a bayanta.

Likitar ce, takardar yarda a hannu ɗaya, biro a ɗayan, murmushin nan bai gama barin fuskarta ba. Ta kalli Mai Agogo, ta kalli fuskar Maman Biyu, murmushin ya fara ja da baya.

"Mama, lafiya? Me ya ce miki?"